Kano zuwa Kumasi a kan babur: ta wace hanya gida za su riƙa jin ɗuriyarka?

Ranar da muka tsallaka iyakar Cikanda muka faɗa ƙasar Benin, ina can ina shan iska a kan babur, ashe a Kano saura ƙiris a shimfiɗa tabarmar makoki. Wajen ƙarfe tara na safe na kunna wa uwargida abin nan na WhatsApp da ke nuna inda mutum yake, na zaɓi na awa takwas, na ce mata ga ni nan a tafin hannunki, duk inda na nufa kina gani. Kafin sha ɗaya sabis ɗin Najeriya ya sake ni, layin Benin kuwa ban kai ga saye ba. Ɗigon da take kallo ya tsaya cak a tsakiyar daji, ba gari kusa, ba ko sunan ƙauye. Azahar ta yi yana nan, la'asar ta yi bai motsa ba. Akwai ɗan ƙaramin rubutu a ƙasa da ke faɗin rabon da a sabunta wurin, amma wa ke da natsuwar karanta shi? Ta kira layina ya ƙi shiga, ta kira yayana, yaya ya kira baffanmu, kafin magariba magana ta isa kunnen Hajiya. Mu kuwa a lokacin mun ci sakwara a Nikki, mun yi sallah, mun kama hanyar Paraku muna raha.

Sai bayan isha na samu layi na kira. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi: "Kai ɗan nan, da ba ka ce za a riƙa ganinka ba, ai da mun bar ka da Allah mun kwanta." Tun daga ranar nake auna kowace na'ura da wannan magana. Ba na fara tambayar me take iya yi idan komai na tafiya daidai. Abin da nake tambaya shi ne, ranar da ta yi shiru, me mutanen gida za su ɗauka ya faru?

Mu huɗu ne, babura huɗu. Daga Kano muka gangara Ilorin, muka yanki yamma ta ƙasar Baruten, sai Nikki, Paraku, Jugu, muka shiga Togo muka kwana a Kara, muka fita ta Tatale zuwa Yendi da Tamale, daga nan Kumasi. Wanda ya san tarihi zai ga ba sabuwar hanya ba ce. Kusan nan ne fatakenmu suka riƙa bi zuwa Gwanja, da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su dawo da goro daga kasuwar Salaga. Su wata da watanni suke yi, labarinsu kuma ba ya zuwa gida sai a bakin ayarin da suka yi kiciɓis da shi yana komowa. Mu da muka yi ta cikin mako guda, shirun awa tara ya nemi ya tayar da gida.

Matsala biyu ce ake yawan haɗawa wuri guda. Akwai magana da waɗanda ka baro: iyali, abokai, 'yan majalisa. Akwai kuma magana tsakaninku ku da ke kan hanya, na gaba da na baya. Kayan aikinsu daban, kuɗinsu daban. Ta farkon ta fi cin rai, da ita zan fara.

Zaɓin farko, kuma mafi sauƙi a baki, shi ne ka bar layinka na gida ya yi aiki a ƙasar waje. Lambarka ba ta canja ba, Hajiya ba sai an koya mata sabuwar lamba mai alamar tarawa a gaba ba, saƙon banki kuma yana iso ka. Amma mutane na ruɗuwa da suna. Ganin akwai MTN a Najeriya da Benin da Gana ba ya nufin layinka ɗan gida ne a can. Baƙo ne, kuɗin baƙo kuma za a caje shi. A Togo ma babu MTN ɗin sam, Moov Africa ne da Yas, wanda aka sani da Togocom a da. Airtel kuwa yana Nijar da Cadi, amma babu shi a Benin da Togo. Abin da ya fi cizo shi ne a irin wannan yanayi har kiran da aka yi maka kai ma kana biya. Ɗaya daga cikinmu ya loda katin da yake ganin zai kai shi Kumasi, abokan shago suka yi ta kira suna tambayar ya hanya, kafin mu bar Jugu layin ya zama fanko. Data kuwa kada ma a soma. Waya ba ta shawara da kai kafin ta fara sabunta manhajoji da kwashe hotuna.

Duk da haka ban ce ka bar layin a gida ba. Ka tafi da shi, ka tabbatar an buɗe masa aiki a waje tun kana Najeriya, ka kashe masa data, ka bar shi don karɓar tes kawai. Ranar da za ka tura kuɗi banki ya ce sai lambar sirrin da ya aiko, ranar za ka gode wa Allah da ka taho da shi.

Zaɓi na biyu shi ne sayen layin kowace ƙasa da ka shiga. Nan araha take, nan kuma ɓata lokaci yake. A Paraku wani saurayi ne a ƙarƙashin laima ya yi mana, yana jin Hausa rangaɗau, ya ɗauki hoton fasfo, ya danna 'yan lambobi, kafin mai shayi ya gama soya ƙwai layi ya hau. A Gana abin ya fi tsauri. 'Yan ƙasa da katin shaidarsu ake yi musu rajista, mu kuwa sai da muka je ofishin kamfani a Tamale da fasfo muka bi layi. Za ka samu mai ce maka ga wanda an riga an yi masa rajista, ka ba da kuɗi ka wuce. Kada ka karɓa. Ba ka san sunan wa ke kai ba, ba ka san me aka aikata da shi ba, kai kuma baƙo ne a kan babur mai lambar wata ƙasa.

Abu biyu ke rage wahalar wannan zaɓi. Na ɗaya, WhatsApp ɗinka ba ya bin sim ɗin da ke cikin waya. Ko layi nawa ka sauya, yana nan a kan tsohuwar lambarka, muddin ba ka amsa masa cewa ya koma sabuwar ba. Ke nan a wurin abokai ba abin da ya canja. Na biyu, a 2024 Benin da Togo da Gana suka fara aiki da yarjejeniyar da ta sa layin ɗayansu ke karɓar kira kyauta a sauran na tsawon kwana 30, ya kuma yi kira a farashin ƙasar da yake ciki. Don haka layin da ka saya a Paraku zai iya raka ka ka ratsa Togo, wadda a wannan hanya yini guda ma ya isa ka ƙetare ta. Sai dai ka tambayi mai sayar maka tun a wurin ko datar da ka saya za ta tsallaka iyaka tare da kai, ko akwai wata daban da ake saye. Ka kuma lura da lambobin Benin: tun ƙarshen Nuwamban 2024 sun koma guda goma, an ƙara 01 a gaba. Idan wani ya ba ka tsohuwar lambar ɗan'uwansa a Paraku mai guda takwas, ba za ta shiga ba sai ka gyara.

Raunin layin gari ɗaya ne, shi ne kuma ya ci ni: ratar da ke tsakanin inda sabis ɗin ƙasarku ya ƙare da inda za ka samu mai sayar da sim. A taswira 'yar tazara ce. A ƙasa kuwa akwai jami'an shige da fice, akwai kwastan da takardun babur, akwai jandarma, akwai hanyar da ba a gudu a kanta. Rabin yini na iya tafiya a nan.

Wannan ratar ce zaɓi na uku yake toshewa, wato sim ɗin da ba a riƙe shi a hannu, eSIM. Kana zaune a Kano za ka saye shi ta intanet daga kamfanoni irin su Airalo, ka ɗora a waya, da ka tsallaka ya kama sabis ɗin ƙasar. Akwai masu haɗa ƙasashen Afirka da yawa a kunshi guda. Amma da dala ake biya, ya fi layin gari tsada nesa ba kusa ba, yawanci data ce zalla babu lambar kira, sannan ba kowace waya ke ɗaukarsa ba. Yawancin wayoyin da ke aljihun masu babur a nan ba sa yi. In wayarka na yi, ka sayi ɗan kaɗan don ranakun tsallaka iyaka. In ba ta yi, ba sai ka sauya waya don shi ba. Maganin ratar kyauta ne: kafin sabis ya ɗauke ka aika gida cewa za mu shiga boda, kada a ji mu sai gobe da safe. Ko da kana sa ran samun layi da yamma, ka ce gobe.

To an samu layi. Me za a aika? Nan ne na fi saɓa wa abokaina.

Kira ya fi daɗi, ba musu. Tsohuwa ba ta yarda kana lafiya sai ta ji muryarka. Amma kira na bukatar ku biyu ku kasance a shirye lokaci guda, sabis kuma ya tsaya da ƙafarsa. Kiran bidiyo ya fi kowanne lalaci: yana shan data, yana shan caji, yana kuma yankewa daidai lokacin da ka ce "mun ɗan samu matsala", kafin ka ƙarasa da "amma an gyara". Saƙon murya ya fi shi hankali. Za ka yi maganarka a gindin bishiya inda babu sabis ko ɗigo, ka tura, ya zauna da alamar agogo a gefensa, da kun shiga gari ya tafi da kansa. Ga wanda bai iya karatun boko ba, babu kamarsa. Aibinsa shi ne mu Hausawa ba ma iya gajarta gaisuwa. Minti uku sun tafi a ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, saƙo ya yi nauyi, sabis mai rauni ya kasa ɗaga shi.

Rubutu a WhatsApp ya fi sauƙin wucewa. Amma wanda ya fi su duka taurin rai shi ne tes ɗin da muka raina. Ba ya bukatar data, sanda ɗaya ta sabis ta ishe shi, yana kuma shiga kowace irin waya har da 'yar rakani-kashi da ke hannun Hajiya. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Gana da Benin da Kwaddibuwa da Laberiya suka shiga wani hali, Najeriya ma ta taɓu. Wanda duk dabararsa WhatsApp ce, a ranar ya zama kurma. Ga wani ɗan sirri kuma: tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ mai lanƙwasa, sai ya koma 70, saƙonka ɗaya ya rabu biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa na ƙasar waje. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, amma a kan hanya "mun iso Kara lafiya, za mu kwana, sai gobe" ba ta bukatar lanƙwasa.

Tes ma yana da iyaka, don sai da ƙarfen sabis. A Satumban 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni a haka. A irin wannan wuri layi goma ma ba su da amfani.

Sai tambayar da ta fi ta na'ura muhimmanci: wa za a aika wa? Da farko mun buɗe zaure a WhatsApp, muka zuba mutum sama da hamsin, 'yan'uwa da abokai da 'yan ƙungiyar masu babura. Kwana biyu ya zama kasuwa. Addu'o'i, hotunan barka da Juma'a, gardamar ƙwallo, wani na tambayar farashin atamfa a Kumasi. Saƙon da ya dace a gani, wato ina muke da kuma ina muka nufa, sai ya nutse. Kowa kuma na ganin wani ne ke lura, alhali ba mai lura. Daga Paraku muka sauya tsari. Muka ɗora wa yayana nauyin, shi kaɗai: mutum mai sanyin zuciya, wayarsa ba ta mutuwa, ba ya firgita. Sau biyu a rana muke aika masa, da safe kafin mu tashi da kuma bayan mun sauka. Garin da muke, garin da muka nufa, hanyar da za mu bi. Yana da hoton fasfo ɗin kowa da lambar kowane babur. Muka yi da shi cewa shirun dare ɗaya ba komai ba ne, sai an kai azahar ta washegari ba labari sannan ya fara neman mutanen da muka ba shi lambobinsu a zangon gaba. Shi ke sanar da iyalan sauran ukun. Zauren kuwa muka bar shi don hotuna da barkwanci, abin da da ma ya fi iyawa.

Facebook da TikTok da sitatus fa? Tun da Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur ya iso Legas a watan Mayun 2022, yana yaƙi da cutar shan inna, jama'a na bin sa a intanet, samari da yawa suka ɗauka rabin tafiya shi ne a gan ka kana yin ta. Ban hana ba, mu ma mun ɗora. Amma ka ɗora Jugu bayan ka kwana a Kara. Kada ka taɓa rubuta inda za ka kwana yau ko hanyar da za ka bi gobe. A ƙasar da ake sace mutane don kuɗin fansa, mutum huɗu a kan manyan babura suna shelar jadawalinsu ga duk mai waya, wannan kiran ajali ne. Lokeshan na kai tsaye kuma, in dai za a kunna, to ga mutum ɗaya, wanda aka zaunar aka fahimtar da shi cewa tsayawar ɗigo tsayawar sabis ce.

Yanzu manyan kaya, na tauraron ɗan'adam, waɗanda ba ruwansu da ƙarfen sabis. Wanda ya fi dacewa da babur shi ne irin Garmin inReach. Ƙaraminsu bai wuce giram 100 ba, yana hawa taurarin Iridium guda 66 da suka lulluɓe duniya, yana aika gajeren saƙo zuwa wayar kowa, yana kuma ajiye sawunka a taswira duk bayan 'yan mintoci. Caji ɗaya na iya kwanaki. Matsalar da ta same ni a Cikanda, wannan ya magance ta gaba ɗaya. Kuɗinsa dala 300 zuwa 400, ga kuɗin wata-wata, shi ma da dala. Yana da maɓallin neman agaji, amma kada ka ɗora rai a kai. Saƙon zai tafi cibiyarsu a Amurka, su kuma su nemi hukumomin ƙasar da kake. Tsakanin Zabzugu da Yendi a arewacin Gana ba jirgi mai saukar ungulu da zai taso dominka. Mai a-kori-kura da mutanen ƙauye ne za su ɗauke ka. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya gaya wa yayanka daidai inda kake.

Wayar Thuraya, wadda direbobin Sahara ke kira Turaya, tana ba ka murya a inda ba kowa. Ga mai nufin Agadas zuwa Bilma wannan magana ce ta daban. Amma a hanyar da garuruwa ke jere, nauyinta ya fi amfaninta, kuma sunanta ya ɓaci a wurin jami'an tsaro. A 2013 sojoji suka haramta amfani da ita a jihar Borno. Ka kwatanta kanka a shingen bincike da dare, ga babur, ga Turaya a jaka, ga Faransancinka bai wuce gaisuwa ba. Starlink kuwa, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana da ƙaramin faranti da ke shiga jakar goyo, intanet ɗinsa kuma ba laifi. Sai dai yana son wuta sosai, yana son a tsaya a kafa shi a fili, ba kuma kowace ƙasa ta ba shi lasisi ba. Wannan na mai sana'ar ɗora bidiyo ne, ba na mai son ya ce wa gida ya sauka lafiya ba.

A ganina, Kano zuwa Kumasi ta wannan hanya ba ta kai a sayi ko ɗaya cikin ukun ba, in dai ku ƙungiya ne. Wanda zai tafi shi kaɗai, ko zai bar kwalta ya shiga daji kwana da kwanaki, shi ne inReach ya cancanci kuɗinsa, kuma ya binciki dokar kowace ƙasa kafin ya saka shi a jaka.

Saura magana tsakanin mahaya. Tsakanin Tatale da Yendi, a wani yanki mai jar ƙasa da ƙura, tayar bayan na ƙarshenmu ta yi faci. Mu uku muna gaba, kowa ya ƙudundune fuska, madubi ya yi buɗu-buɗu ba a ganin komai. Sai da muka yi tafiya mai nisa na waiga na ga ba shi. Yana da na'urar magana a hular kwanonsa, ni ma ina da ita, irin masu arahar nan. Ya ce ya yi ta kiran sunana har makogwaronsa ya bushe. Da muka koma muka tarar da shi zaune a gindin kaɗanya, wasu yara sun kewaye shi, wata dattijuwa ta kawo masa ruwa a ƙwarya.

Na'urar hular kwano iri biyu ce. Masu araha suna haɗa mutum da mutum kamar sarƙa, in na tsakiya ya yi nisa sai sarƙar ta tsinke, sai an tsaya an sake haɗawa. Masu tsada, irin na Cardo da Sena, suna haɗa kowa da kowa, wanda ya fita ya dawo sai ya shige da kansa. Kamfanonin na faɗin kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, amma wannan a fili ne fetal. Kwana ɗaya, tudu ɗaya, tirela ɗaya a tsakani, nisan ya ragu. Suna da daɗi ƙwarai wajen "rami a dama", "shanu a gaba", "mai na ya kusa ƙarewa", suna kuma korar gyangyaɗi bayan azahar. Abin da ba sa yi shi ne kiran wanda ya riga ya ɓace maka. Oba-oba ta fi su nisa, ta fi su araha, amma ita ba na ba kowa shawararta. A yankin da aka sha hana hawa babur saboda 'yan bindiga, kamar Diffa da Tilaberi a Nijar da wasu sassan Zamfara da Katsina, mutum a kan babur da oba-oba a ƙugu kamanni ɗaya yake da shi a idon soja.

Abin da ya yi mana aiki daga ranar ba a sayar da shi a shago. Tsarin fatake muka ɗauko: jagaba a gaba wanda ba a wuce shi, mafi ƙwarewa a baya wanda ba ya wuce kowa, kowane mahayi kuma alhakin na bayansa na wuyansa. In ka daina ganin fitilarsa a madubi, ka tsaya. Na gabanka zai daina ganin taka shi ma ya tsaya, har abin ya kai ga jagaba. A kowace mararraba ana jira sai an cika. Fulashin a waya sau biyu a jere na nufin na tsaya amma lafiya, uku na nufin ku dawo. In kuna da kuɗin na'urar kirki ku saya, tana ƙara wa tafiya armashi. In kuɗin na abu ɗaya ne, ku sayi tayoyi masu kyau.

Duk wannan zance ya rataya a kan caji. Cajar da ake haɗawa da batirin babur tana da kyau, amma a sa mata fis, a kuma haɗa ta ta yadda za ta mutu in an kashe makulli, in ba haka ba ka wayi gari babur ya ƙi tashi. Fawa bank ɗaya babba ya zauna a jaka don dare, don ba kowane masauki ke da wuta ba. Waya a kan kan babur kuwa tana fama da abokan gaba biyu. Rana: kamfanin Apple da kansa ya ce an yi wayarsa ta yi aiki ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Maris muna wuce haka tun hantsi. Waya na caji, tana nuna taswira, rana na dukanta, sai ta dushe ta daina caji. Sai girgiza: a 2021 kamfanin ya yi gargaɗin cewa rawar injin manyan babura na lalata kyamara. Don haka ni manyan wayoyi biyu nake ɗauka. Tsohuwa a kan babur, da taswirar da na sauke tun a gida, tunda gane wuri ba ya bukatar sabis. Mai kyau tana aljihun ciki. Layin Najeriya kuma yana cikin 'yar rakani-kashi da ke kwana huɗu ba caji, a naɗe cikin leda tare da takardar da na rubuta lambobi biyar da biro, don ranar da waya ta faɗa ruwa ba na jin zan tuna lambar kowa sai tawa.

In za ka bi wannan hanya gobe, ga abin da zan ce ka yi: layin gida a ƙaramar waya don tes, layin Benin daga Paraku, na Gana daga Tamale, mutum ɗaya a gida da saƙo biyu a rana, Hajiya kuma a kira ta da murya duk bayan kwana biyu, a lokacin da kai ka zaɓa ba wanda ka yi alkawari ba. Ka kuma gaya musu tun kafin ka tashi cewa agogon Togo da Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Mu mun manta. Daren da muka sauka a Kara na cika alkawarin ƙarfe takwas daidai a agogon masaukin, na tarar da kira bakwai daga yaya, mutumin da muka zaɓa don ba ya firgita.